Hitar Gas a Wani Masauki a Ngaundare: Yoyon da Aka Ji Warinsa da Gubar da Ba Ta Wari

Masaukin baƙi ne mai ɗaki takwas a Ngaundare, kusa da tashar jirgin ƙasa. Yawancin masu sauka fatake ne da direbobi, sai waɗanda jirgin dare ya sauke daga Yawunde suna jiran motar Garwa ko Marwa. Garin yana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga matakin teku, don haka daga Disamba zuwa Fabrairu ba kowa ke iya watsa ruwan sanyi da asuba ba. Mai masaukin ya sa hita mai aiki da gas, irin wadda ake kafawa a bango ba ta tara ruwa: a buɗe famfo ta kama, a rufe ta mutu. Tana ba da lita 10 a minti, kuma gwanjo ce da aka shigo da ita daga Turai. An kafa ta a cikin banɗakin da ɗakunan baya ke amfani da shi tare, tukunyar gas mai kilo 12.5 tana ajiye a ƙarƙashinta, taku ɗaya daga magudanar ruwa.

Wari ne ya sa aka kira mai gyara. Yaron da ke shara yakan ji warin gas idan ya buɗe ƙofar da asuba, tukunyar da ta saba kai mako uku kuma ta koma ƙarewa kafin mako biyu. Mai masaukin asarar kuɗi yake gani, tunda farashin gwamnati na tukunya ɗaya sefa 6,500 ne, a lokacin ƙaranci kuma 'yan kasuwa sukan ƙara. Sai da aka yi ta jan zance sannan sauran bayani ya fito. A bara hitar takan mutu ana tsakiyar wanka, wani ya zo ya taɓa ta, daga nan ba ta sake mutuwa ba. A cikin wannan hunturun kuma baƙi biyu sun fito daga wanka da ciwon kai da jiri, ɗaya har da amai. An ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko gajiyar hanya.

Duk wanda ya san aikin, wannan bayani na biyu ya fi tayar masa da hankali. Yoyon gas yana sanar da kansa, domin masu cika tukunya suna zuba wa gas ɗin wani sinadari mai wari da gangan, shi kansa butan, wato gas ɗin da ke cikin tukunya, ba ya wari. Iskar kabon monoksaid da wuta marar kyau ke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Matsala biyu ce daban a na'ura ɗaya, kuma gyara ta farko ba ya taɓa ta biyu ko kaɗan.

Kafin a taɓa komai

Mai gyara bai shiga da sufana ba. Ya hana kowa taɓa makunnin fitila, ko don kunnawa ko don kashewa, domin ɗan tartsatsin da ke tashi a cikin makunni ya isa ya kunna gas. Waya da tocila an bar su a waje. Ya rufe bawul ɗin tukunya, ya buɗe ƙofa da taga, ya fito da tukunyar tsakar gida a tsaye, aka bar wurin ya sha iska kusan rabin awa.

Dalilin wannan jinkiri yana cikin halin gas ɗin. Butan ya ninka iska nauyi kusan sau biyu, ba ya tashi sama ya bi taga kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwantawa, ya bi gangare, ya shiga magudana da rami. Yana kamawa da wuta idan yawansa a cikin iska ya kai tsakanin kashi 2 da kashi 8 da rabi cikin 100. Banɗakin tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1.5, tsayinsa mita 2.5, wato kubik mita 7.5. Kilo ɗaya na butan yana zama kimanin lita 400 na gas, ke nan kusan giram 350 kacal ya isa ya mai da ɗakin nan gaba ɗaya abin fashewa. Tunda kuma a ƙasa yake taruwa, iskar da ke daidai da idon sawu takan kai wannan matsayi tun kafin mai tsaye ya ji warin sosai. Shi ya sa ake sunkuyawa a shinshina kusa da ƙasa, a kuma zuba ruwa mai yawa a magudanar kafin a ci gaba.

Saurin ƙarewar tukunya kuwa ba hujja ba ce ita kaɗai. Hita mai lita 10 tana cin kimanin kilo ɗaya da rabi a awa idan tana ci da ƙarfinta, wankan minti biyar yana ɗaukar giram 130 ko kusa da haka. Da hunturu masu son ruwan zafi sun fi yawa, ruwan tanki ya fi sanyi, kowa kuma yana daɗewa a ƙarƙashin famfo. Tukunya tana iya ƙarewa da wuri ba tare da yoyo ba. Gwaji ne ke raba gardama.

Neman yoyo

Gwajin farko na matsin gas ne, kuma kayansa ba su da tsada. Ana samun siririn tiyo mai haske da ake ganin cikinsa, tsawon mita ɗaya da rabi, a lanƙwasa shi ya yi baki biyu a sama, a ɗaure a jikin katako tare da rula, a zuba ruwa zuwa rabi. Baki ɗaya ana sa shi a ɗan kan gwaji da ke mashigar gas ta hita, bayan an sassauta sukurun da ke toshe shi, ɗayan bakin a bar shi a buɗe. Regiletar butan ta gida, wato na'urar da ke bakin tukunya mai rage matsin gas, tana ba da milibar 28, a wannan ma'auni kuwa milibar ɗaya daidai yake da kusan santimita ɗaya na bambancin tsayin ruwa. Idan aka buɗe tukunya hita na kashe, ruwan zai nuna santimita 28 zuwa 30 da ɗoriya kaɗan.

Daga nan sai a rufe tukunya. A nan ne da yawa suke kuskure, su tsaya kallon ruwa nan take su ce bai motsa ba. Tsakanin bawul da regileta akwai ɗan gas mai matsi sosai da ya rage, shi ke ci gaba da cike gurbin wanda ke zuba, sai ma'auni ya tsaya cik ko da akwai yoyo. Dole a rage shi tukuna, a buɗe famfo hita ta kama na ɗan lokaci har ruwan ma'auni ya sauko ƙasa da inda yake, a rufe. A jira minti biyar zafin gas ya daidaita, a yi alama, a sake jira minti biyar. Idan ruwa ya hau, bawul ɗin tukunya ba ya rufewa sosai, sai a mayar wa mai sayarwa. Idan ya sauka, akwai yoyo. A wannan masauki bai ma jira minti biyar ɗin ba, ana kallo ya sauka har ƙasa.

Ma'auni yana faɗin cewa akwai yoyo, ruwan sabulu ke nuna wurin. Ana dama sabulun wanke kwano da ruwa ya yi kauri, a shafa da soso ko buroshin fenti a kowace mahaɗa, tukunya na buɗe, a bi daga sama zuwa ƙasa: wuyan bawul inda ya shiga tukunya, ƙarƙashin abin murɗawa, notin regileta, jikin regileta da ɗan ramin numfashinta, bakin tiyo na farko, tsawon tiyo duka ana lanƙwasa shi a hankali, bakinsa na biyu, sannan mahaɗun cikin hita. Babban yoyo yana hura kumfa manya nan da nan. Ƙarami sai an yi haƙuri, yakan tara kumfa ƙanana a hankali bayan minti ɗaya ko biyu. Sabulun da ke da sinadarin amoniya ba a amfani da shi, domin yana sa tagulla ta tsage daga baya, kuma ko wane iri aka shafa a goge shi da ruwa idan an gama. Ashana ko laita kuwa, har yanzu akwai masu gwada yoyo da su a bakin kasuwa. Ƙaramin yoyo ba ya ma kama ashana a fili, babba kuma ba ya ba mutum damar ja da baya.

An sami wuri biyu. Na farko a notin regileta. A cikin notin akwai zoben roba, shi kaɗai ne ke toshe gas, zaren notin aikinsa matsewa kawai. Zoben ya bushe ya tsage, wani kuma ya naɗe zaren da farin tef na masu aikin famfo, ya ɗaure da sufana iya ƙarfinsa. Tef a wannan wuri ba ya toshe komai, hana noti zama daidai ma yake yi. Irin wannan noti zarensa na hagu ne, ana ɗaure shi ta inda aka saba kwancewa, kuma idan zobe sabo ne matsewar hannu da ɗan ƙari kaɗan ta isa. Zoben ba ya da tsada, ya kamata a duba shi duk lokacin da aka sauya tukunya, a ajiye wasu a aljihun tebur.

Na biyu a bakin tiyo ta wajen hita. An ɗaure shi da waya maimakon zoben ƙarfe mai sukuru, wayar ta yanka robar, zafin hita kuma ya gasa wurin ya yi tauri. Tiyon gas na ƙwarai yana ɗauke da rubutun shekarar da za a daina amfani da shi, na roba zalla ba ya wuce shekara biyar, a ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu yakan gaji kafin haka. Wannan babu rubutu ko ɗaya a jikinsa, alama ce ta tiyon ruwa. Butan yana cin irin wannan roba, ta yi laushi da farko sannan ta bushe ta farfashe. Ba a yanke wurin da ya lalace a mayar, ba a naɗe shi da robar taya. Sabo ake sa wa, gajere iya buƙata, kada ya wuce mita ɗaya da rabi, kada ya bi bayan wani abu mai zafi, kuma a bar shi inda ido ke ganinsa saboda ɓeraye.

Bayan an sauya zobe da tiyo, aka maimaita gwajin ma'auni, ruwa ya tsaya inda aka yi alama. Mai masaukin ya sa hannu a aljihu.

"Malam, ai an gama ke nan, nawa ne?"

"Alhaji, a ƙara haƙuri. Wanda ke cin kuɗinka ne muka kama. Wanda ya sa baƙinka ciwon kai yana nan."

Abin da wutar ta nuna

Da aka cire murfin gaba aka kunna, ƙofa a buɗe, harshen wuta ya fito dogo, rawaya, yana rangaji, yana lasar ƙarfen da ke samansa. Wutar butan mai lafiya shuɗiya ce, gajera, tsayinta ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, tana ɗan huci. A lura da abu ɗaya a lokacin hunturu: ƙurar da ke yawo a iska tana sa wuta ta riƙa walƙiya da ɗigon ruwan lemo nan da can, wannan ba komai ba ne. Rawaya mai haske da ke zaune a kan harshen ba ta gushewa, tana barin baƙi a jikin ƙarfe, ita ce alamar ƙarancin iska, kuma inda aka ga kunkunniya a hitar gas to ana yin kabon monoksaid.

Kilo ɗaya na butan yana buƙatar kimanin kubik mita 13 na iska kafin ya ƙone sarai. A wankan minti goma hitar nan tana son sama da kubik mita 3, kusan rabin iskar banɗakin. A tsayin Ngaundare iska ta fi ta Duwala sauƙi da fiye da kashi 10 cikin 100, wato kowace lita da murhu ya ja tana ɗauke da iskar shaƙa, wato oksijin, ƙasa da wadda aka ƙera hitar a kai. Ga tururi. Ga shi kuma saboda sanyi an toshe tagar da kwali, an sa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Wuta ba ta jira iska ta ƙare kafin ta lalace. Da zarar iskar shaƙa ta sauko daga kashi 21 zuwa wajen 18 ko 19, ƙonewar ta fara ɓaci.

An kwance murhun. Kowane layi nasa yana da jet, ɗan ƙaramin rami a cikin tagulla da gas ke fita da ƙarfi, da maƙogwaro a gabansa inda gas ɗin ke jan iska su gauraya. Maƙogwaron ya cika da jar ƙura da saƙar gizo-gizo, a layi uku kusan a toshe. Ana wanke layukan da ruwan sabulu mai ɗumi da buroshi mai laushi, a ɗauraye, a shanya su bushe ƙarau kafin a mayar. Jet kuwa hura shi ake yi da iska, ko a jiƙa shi a wanke. Biyu daga cikinsu an taɓa sokarsu da allura, ramin ya faɗaɗa ya karkace. Ramin jet na butan bai kai milimita ɗaya ba, kusan 0.7 ne a irin waɗannan hitoci, ƙari kaɗan yana sa gas ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Wanda aka soka ba ya gyaruwa, sai dai a sauya da mai lamba ɗaya.

Tunda hitar gwanjo ce, sai da aka karanta farantin bayanin da ke jikinta. G30 da milibar 28 zuwa 30 na nufin butan, G31 da milibar 37 na nufin furofan, wani gas ɗin tukunya daban, G20 da milibar 20 kuma gas ɗin bututu ne da ake ja wa gidaje a biranen Turai. Hitar da aka ƙera don G20 jet ɗinta ya haura milimita ɗaya, idan aka haɗa ta da tukunya haka nan za ta yi ta zuba baƙin hayaƙi da guba komai tsaftarta. Ta masaukin nan G30 ce, an tsira daga wannan. Amma duk mai sayen gwanjo ya duba wannan faranti kafin ya duba fenti.

Sama da murhu akwai akwatin jan ƙarfe mai siraran ganyayyaki, inda zafi ke shiga ruwa. Kunkunniya ta liƙe tsakaninsu har hasken tocila ba ya ratsawa. Abin yana ciyar da kansa: wuta marar kyau ta haifi kunkunniya, kunkunniya ta tare hanyar hayaƙi, wuta ta ƙara lalacewa. An cire akwatin, aka jiƙa shi a ruwan zafi da sabulu, aka wanke da buroshi ana kula kada ganyayyakin su lanƙwashe. Cikin bututun ruwansa an zagaya ruwan tsami na kanti don narkar da farin dutsen da ruwan rijiyar burtsatse ke bari, aka ɗauraye sosai.

Bututun hayaƙi ya fi ko'ina muni. Hita mai lita 10 tana son bututu mai faɗin milimita 110 ko abin da littafinta ya faɗa, ya fara miƙewa sama kafin ya karya, ɓangaren da ya kwanta kuma ya riƙa hawa har ya fita. Wannan an rage faɗinsa don ya shiga ramin da ke bango, ya karya tun daga kan hita, ya ɗan gangara ƙasa ta waje. A cikinsa zanzaro ya gina gidajen laka jere, sun cinye fiye da rabin hanyar. Zanzaro yana son irin wannan wuri a watannin da ba a kunna hita, shi ya sa dubawar farkon hunturu ta fi kowace muhimmanci. Gwajin ba wuya: bayan hita ta yi minti biyar tana ci, ƙofa da taga a rufe kamar yadda mai wanka ke yi, sai a kanga madubi mai sanyi a gefen hular da ke saman hita, wadda ke tattara hayaƙi zuwa bututu. Idan ya yi gumi, hayaƙi na dawowa ɗaki. Hayaƙin turaren tsinke ma yana nunawa, ya kamata hular ta zuƙe shi, ba ta turo shi waje ba. Mai yin wannan gwaji ba ya daɗewa a ciki, kuma wani yana tsaye a bakin ƙofa.

A gefen hular nan akwai ɗan maɓalli mai jin zafi da wayoyi biyu. Aikinsa ɗaya ne, idan hayaƙi mai zafi ya dawo maimakon ya bi bututu, ya yanke gas. An tarar an cire wayoyin daga jikinsa an murɗe su tare an naɗe da baƙin tef. Wannan shi ne gyaran bara. Hitar da ke mutuwa ana tsakiyar wanka lafiyarta ƙalau ta wannan fanni, tana yin abin da aka ƙera ta ta yi ne. Wanda ya haɗe wayoyin ya kashe mai gadi ya bar ɓarawo a cikin gida. Babu wani uzuri ga wannan aiki, ko mai gida ya matsa, ko baƙi na ƙorafi. Idan maɓallin ne ya lalace a sauya shi, idan ba a samu ba hitar ta zauna a kashe.

Kabon monoksaid tana kama jini fiye da iskar shaƙa sau 200 da ɗoriya, shi ya sa kaɗan ke isa. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, daidai da farkon zazzaɓin cizon sauro, sai dai babu zafin jiki, kuma mutum yana samun sauƙi idan ya fita iska. Idan mutane biyu ko uku suka yi irin wannan ciwo bayan shiga ɗaki ɗaya, a zargi ɗakin. Haɗarin banɗaki shi ne ƙofa a kulle take ta ciki, ƙafafu kuma sukan mutu kafin mutum ya gane abin da ke faruwa. Wanda ya shaƙa a fito da shi fili, a kai shi asibiti a faɗa musu hayaƙin gas ne, ko da ya ce ya warware. Madara da manja da ake ɗura wa mutane ba sa fitar da ita, ga wanda bai farfaɗo sosai ba ma suna iya shaƙe shi. Iskar oksijin ta asibiti ce magani: a iskar waje jini yana ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya zubar da rabin gubar, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Lambar 'yan kwana-kwana a Kamaru 118 ce, a kira daga waje.

Tukunyar da ke yin raɓa

Akwai wani abu da yaron shara ya ambata a gefe, cewa da asuba jikin tukunya yakan yi sanyi ƙarara ya yi raɓa, wuta ta yi ƙasa, sai ya girgiza ta ko ya kwantar da ita. Gas ɗin a cikin tukunya ruwa ne, sai ya tafasa ya zama iska kafin ya fito, zafin tafasar kuma daga jikin tukunya yake jawo shi. Butan yana daina tafasa a wajen digiri sifili. Idan ana jan kilo ɗaya da rabi a awa daga tukunya ɗaya da sanyin safiya, musamman ta kusa ƙarewa, sanyinta yana ƙaruwa matsinta na faɗuwa. Ma'aunin ruwa ya tabbatar da haka, ana fara wanka yana kan milibar 28, sai ya riƙa saukowa a hankali. Regiletar ma ƙarama ce, irin ta murhun girki mai ba da giram 1,300 a awa, ba ta kai abin da hitar ke nema ba. Raunin matsi yana rage ƙarfin da gas ke jan iska da shi, wuta ta ƙara yin rawaya.

Kwantar da tukunya yana tura ruwan gas cikin regileta, lita ɗaya ta ruwan kuwa tana zama sama da lita 200 ta gas, sai wuta ta yi tsalle ta fito waje. Zuba mata tafasasshen ruwa ko ajiye ta kusa da garwashi shi ma haɗari ne. Maganin shi ne tukunya biyu a haɗe suna aiki tare, kowace ta ɗauki rabin nauyin, da regileta mai milibar 28 da ke iya ba da aƙalla kilo 2 a awa. Regileta mai abin murɗawa da ake ƙara wa ƙarfi, irin ta masu suya da manyan tukwane, ba ta da wuri a jikin hita.

Hukuncin da aka yanke

Bayan wanki da sauye-sauye wuta ta dawo shuɗiya, amma mai gyara ya ƙi mayar da hitar banɗaki. Irin wannan hita da ke jan iskarta daga ɗakin da take ciki ba ta dace da wurin wanka ko ɗakin kwana ba, komai kyan bututunta, domin ranar da sanyi ya tsananta wani zai sake toshe taga. Alhaji ya yi jayayya a kan abu biyu, kuɗin ƙarin bututun ruwa da tsoron ɓarayin tukunya. Na biyun damuwa ce ta gaske, tukunya ko babu gas a cikinta kuɗi ce. Aka daidaita a kan kejin ƙarfe mai kwaɗo a bayan banɗakin, a inuwa, ƙasansa da gefensa a buɗe don iska, nesa da bakin masai da magudana, makullinsa ɗaya a rataye inda ma'aikata suka sani don a iya rufe bawul da gaggawa.

Hitar ta koma bayan bangon, ƙarƙashin rumfar kwano da ke kare ta daga ruwan sama da iskar hunturu, ruwan zafi kaɗai ke ratsa bango ya shiga. Tsakanin keji da hita an ja bututun jan ƙarfe, tiyo ya rage ɗan guntu a wajen regileta. Bututun hayaƙi ya koma cikakken faɗinsa, ya miƙe ya wuce rufi, da hula a kansa da raga mai manyan idanu, domin raga mai ƙananan idanu ita ma ƙura na toshe ta. An sa sabon maɓallin hayaƙi, aka gwada shi ta hanyar toshe bututu da faranti na ɗan lokaci a fili, ya yanke gas cikin 'yan mintuna kamar yadda ake so. An gwada tsaron wuta, aka rufe tukunya hita na ci, aka ji bawul ɗin ciki ya rufe da wuta ta mutu. An sauya manyan batura biyu na kunnawa, aka goge bakin abin tartsatsi, domin jinkirin kamawa ke sa gas ya taru hita ta kama da ƙara.

An shawarci Alhaji ya sayi na'urar ƙararrawa ta kabon monoksaid mai batir don ɗakin girki, inda murhun gas da gawayi ke aiki tare. Masu bin ƙa'idar Turai suna kuka cikin minti uku idan gubar ta kai kashi 300 cikin miliyan, a kashi 50 kuma bayan awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba ita ce na'urar jin yoyon gas ba, wannan daban take, kuma kusa da ƙasa ake kafa ta saboda nauyin butan.

Ga ma'aikata an bar aiki kaɗan a rubuce a jikin keji: rufe bawul kowane dare, shafa ruwan sabulu a noti duk lokacin da aka sauya tukunya, leƙa launin wuta ta ɗan tagar hita sau ɗaya a mako, da kiran mai gyara idan hita ta fara mutuwa da kanta maimakon a yi ta sake kunna ta. Babban duba na murhu da bututun hayaƙi da ma'aunin ruwa an sa shi a watan Nuwamba, kafin sanyi ya shigo, shekarar da tiyo zai ƙare kuma an rubuta ta da fenti a ƙofar kejin.